Galura, bat ko baba: kafin ka tsoma shadda a baho

Bara da damina muka ɗaura auren 'yar ƙanwata a Agege. Ankon samari farar shadda ce da aka kai rini aka mayar da ita ruwan hanta, kuma ranar da aka karɓo ta daga bugu kowa ya yaba, sai ƙyalli take yi. Ana cikin rabon goro ruwan Legas ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Kafin a shafa fatiha wuyan abokan ango ya yi jawur, singiletinsu ta koma ruwan hoda, fararen kujerun roba da muka yi haya kuwa sai da muka biya kuɗin wanki. Da na tambayi wanda ya yi aikin abin da ya zuba a baho, sai ya ciro mini wata hoda ƙulle a leda, ba suna ba lamba. Na ce a rina, an saci zanin mahaukaciya.

Washegari ƙanwata ta same ni da waya a hannu, hankali a tashe. "Yaya, an turo mana a WhatsApp wai rinin azo ciwon daji yake sawa. Shi ne wannan?" Ɗanta kuma, wanda ya gama sakandare yake son kama sana'ar rini, tasa tambayar daban: "Kawu, to ni wanne zan saya?" Na yi shekaru a ɗakin gwaji na wata masaƙa a Ikeja kafin masaƙu su durƙushe in koma sayar da shadda, don haka tambayoyin nan gidana suka faɗo. Abin da na gaya musu shi ne kada a yi wa azo kuɗin goro. A cikin danginsa akwai wanda ba zan bari ya taɓa fatar jikana ba, akwai kuma wanda shi zan fara zaɓa in zan rina wa jariri riga.

Azo ba sunan kamfani ba ne, ba kuma sunan kala ɗaya ba. Sunan wani ƙulli ne a cikin ginin sinadarin: ƙwayoyin zarra biyu na naitirojin riƙe da hannun juna, kowacce ta kamo zoben kabon da ɗaya hannun. Masana kan rubuta shi –N=N–. Wani Bajamushe, Peter Griess, shi ya gano hanyar ƙulla shi a 1858, kuma kafin a yi shekara goma rinin farko na wannan gida ya shiga kasuwa. Yadda ake haɗa shi bai canza sosai ba har yau. Ana ɗaukar sinadari daga dangin anilin, a haɗa shi da asid da gishirin naitirait a cikin ruwan ƙanƙara, domin in ya ɗumama sai ya lalace, sannan a aurar da shi ga wani zoben. Canza ango ko amarya, kala ta canza: rawaya, ruwan goro, ja, ruwan ƙasa, in an ninka ƙullin sau biyu ko uku a samu shuɗi mai duhu da baƙi. Sauƙin nan da arahar nan suka sa fiye da rabin rinin da masana'antun duniya ke amfani da shi yau azo ne. Galurar da kakanninmu suka gani ta shigo da fatake, ta ture karan dafi da rawaya a hannun dukawa da masaƙa, da yawanta 'yar gidan nan ce.

Inda maganar ciwon daji ta samo tushe shi ne ƙullin nan yana kwancewa. Ƙwayoyin bakteriya na hanji suna kwance shi, hanta tana kwance shi, har bakteriyar da ke zaune a fatar mutum, in ta samu gumi da ɗumi, tana iya yi. In ya kwance, abin da aka ƙulla tun farko shi ke fitowa. Ashe tambayar ita ce me aka ƙulla. A 1932 Gerhard Domagk ya gano cewa wani jan rinin azo mai suna Prontosil yana kashe cuta a jiki, daga baya aka fahimci jikin mutum ne ke kwance ƙullin ya saki maganin. Shi ne kakan magungunan salfa, dangin da Septrin ya fito daga ciki. Amma in da wani sinadari mai suna benzidin aka yi ƙullin, benzidin ne zai fito, shi kuwa ba a jayayya a kansa: yana haddasa ciwon dajin mafitsara. Tun 1895 wani likitan fiɗa a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura da yawan wannan ciwo a tsakanin ma'aikatan masana'antar rini. Ciwo ne mai haƙuri, yakan yi shekara ashirin ko fiye kafin ya nuna kansa, shi ya sa marini zai ce maka ai shi tun yana yaro yake aikin nan ko ciwon kai bai yi ba.

Jamus ta fara kafa doka a kai a 1994, Tarayyar Turai ta biyo baya a 2002. Ba su hana azo ba. Dokar Tarayyar Turai ta lissafa sinadarai 22, ta ce duk tufa ko fatar da za ta daɗe tana gogar jikin mutum kada ta saki ɗaya daga cikinsu fiye da miligiram 30 a kilo guda. Rinin azo dubbai ne, waɗanda ke faɗawa wannan tarko kaso kaɗan ne. Sai dai kaɗan ɗin nan suna da araha, kuma kayan da kasuwar Turai ta ƙi ba a teku ake zubar da su ba.

Yanzu ga abin da mai saye zai tarar in ya shiga kasuwar sinadarai ta Ojota ko shagunan da ke sayar wa masu adire da kamfala.

Na farko shi ne dairek, wanda ake rubuta Direct a jikin gwangwaninsa. Shi ne abokin mai gaggawa: ruwan zafi, gishirin girki, a tsoma, a juya, an gama. Ba soda, ba awo mai wahala, kuma ya fi kowanne araha. Kusan dukkansa azo ne. Aibinsa biyu. Na ɗaya, bai kama zaren auduga da gaske ba, kwanciya kawai ya yi a jikinsa kamar baƙon da bai kwance kaya ba, don haka ruwan sama, gumi da sabulu duk suna tayar da shi. Shi ne ya yi mana aika-aika ranar ɗaurin aure. Na biyu, a gidansa ne 'ya'yan benzidin suka fi yawa. Direct Black 38, Direct Blue 6, Direct Brown 95 da Direct Red 28, wanda aka fi sani da jan Kwango tun 1883, duk da benzidin aka gina su, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta sa irin wannan rini a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon. Akwai dairek na zamani da ba ruwansa da benzidin, amma da ido ba ka bambance su. Baƙar hoda baƙar hoda ce. To ka haɗa abu biyun nan: rinin da ya fi zuba a jiki, shi ne kuma ya fi yiwuwa ya ƙunshi mugun abu, ga zafin Legas da cunkoson danfo inda mutum ke jiƙewa da gumi tun bai kai Oshodi ba. Dairek marar suna, ni dai ban yarda a rina singileti, ɗankwali, zanin gado ko kayan yara da shi ba. In labule ne ko igiya ko tabarmar kaba, da sauƙi ga mai amfani, amma hannun marini da hancinsa suna nan.

Na biyu riyaktif, Reactive a jikin gwangwani. Kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1956 da sunan Procion. Yawancin jansa da rawayarsa da baƙinsa azo ne, kai baƙin da ya fi kowanne tashe a masaƙun duniya, Reactive Black 5, ƙulli biyu gare shi. Ga shi ɗan gidan da ake tsoro, amma shi nake ba mutane shawara su saya, kuma ga dalili. An maƙala masa wani hannu na musamman wanda, in ya ji soda ash, yake ƙulluwa da zaren audugar kansa, su zama abu guda. Wanda ya kama ya kama ke nan, wanda bai kama ba kuma yana fita a wankin farko in an yi shi yadda ya kamata. Sannan ba da benzidin aka saba gina shi ba. Kalolinsa sun fi na kowa haske: ja zur, ruwan ɗorawa, ruwan lemo, shunayya, duk abin da 'yan mata ke nema na anko.

Amma yana son tsari, ba ya son "a ƙiyasta". Sai an fara wanke shaddar da ruwan zafi a fitar da sitacin kamfani. A narkar da hodar, a tsoma, a zuba gishiri mai yawa kaɗan-kaɗan, a yi ta juyawa kamar minti ashirin zuwa talatin kafin a sa soda ash, sannan a ba shi kusan awa guda. Da zarar soda ta shiga, agogo ya fara bugawa, domin rinin yana ƙulluwa da ruwa kamar yadda yake ƙulluwa da zare, wanda ruwa ya riga ya kama kuwa ya mutu. Ba a ajiye bahon riyaktif a ce gobe za a ƙara amfani da shi. A ƙarshe a ɗauraye da ruwan sanyi, a wanke da ruwa mai zafi sosai da sabulu har ruwan ya fita garau. Wannan wankin na ƙarshe shi ne masu son banza ke tsallakewa, sai mai kaya ya ce riyaktif ma yana zuba. Rauninsa bilic: in mai wanki da guga ya ɗiga masa Hypo, sai dai haƙuri. Haɗarinsa ga marini kuma a hodar yake, ba a ruwan ba. Shaƙar ƙurarsa tana jawo asma, wanda ya kamu kuwa ko ƙanƙanin abu ya shaƙa sai ƙirji ya riƙe. A buɗe gwangwani a inda fanka ba ta kaɗawa, da takunkumi a fuska, a dama shi ya zama kunu kafin a ƙara ruwa.

Na uku bat, Vat a rubuce. Wannan ba azo ba ne ko kaɗan, kuma shi ne abin da akasarin masu rini na Itoku da Kemta a Abekuta, da masu rinin shadda a Kano, suke aiki da shi, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. In ka ji an ce "kala da soda da haidiro", shi ake nufi. Hodarsa ba ta narkewa a ruwa. Sai an haɗa ta da kostik soda da haidirosalfait a ruwan zafi sannan ta narke ta shiga zare, in an ciro tufa iska ta buge ta, sai rinin ya koma yadda yake tun farko, marar narkewa, ya maƙale a ciki. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka siddabaru ne: ƙyalle ya fito daga baho kore-kore, rawaya-rawaya, kana tsaye kana kallo ya rikiɗe ya zama shuɗi. René Bohn na kamfanin BASF ne ya buɗe wannan babi a 1901 da shuɗin Indanthren. Wajen ƙarko babu na biyunsa. Yana jure rana, yana jure wanki, yawancinsa yana jure bilic, shi ya sa kakin ma'aikata da kayan asibiti suka fi son sa. Shuɗi, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan zaitun, duk gwani ne. Ja mai ihu ne kawai ba shi da ƙarfi a kai. Ya fi riyaktif tsada.

Ga mai sa riga, bat ya fi kowanne kwanciyar hankali. Ga mai rini kuwa, shi ya fi saurin yin illa, kuma illarsa ba ta jiran shekara ashirin. Kostik tana cin fata, in ta fantsama a ido tana iya makantarwa. Ita ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa a kai, kuma ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, cinye ta take yi. Haidiro kuma yana fitar da wari mai shaƙe maƙogwaro, sannan yana da wani hali da ya kamata duk mazaunin Legas ya sani: in danshi ya shige shi yana ɗaukar zafi da kansa, har ya kai ga kama wuta. Buhun haidiro a buɗe, a ɗaki mai yoyo, a watan Yuni, neman magana ne. Ko bai kama wuta ba ƙarfinsa yana mutuwa, ka zuba ninki biyu aiki bai yi kyau ba. Akwai wani dattijo marini da nake kai wa aiki, hannuwansa sun yi kaushi sun tsattsage kamar bayan kada, ƙumbunansa duk sun mutu. Na taɓa kai masa doguwar safar hannu ta roba, ya karɓa ya yi godiya, ya ce, "Alhaji, ai hannu shi ke jin ko rini ya nuna." Da na koma na tarar ya rataye ta a ƙusa, sabuwa fil.

Akwai wani abu game da haidiro da ban taɓa jin an faɗa a kasuwa ba, alhali ya fi saƙon WhatsApp ɗin nan muhimmanci. Haidiro yana tsinke ƙullin azo nan take. Shi ya sa in ka zuba jan riyaktif ko dairek a bahon bat, kalar ke ɓacewa. Shi ya sa kuma ake cire kala da shi, in mai kaya ya kawo tsohuwar shadda ya ce a mayar da ita wata kala. Kai, a ɗakin gwaji ma da wannan sinadarin ake tsinke rinin tufa don a ga ko zai saki abin da doka ta hana. Ma'ana, marinin da ya tsoma hannu tsirara a bahon cire kala, in tsohon rinin ɗan benzidin ne, to a ruwan benzidin ya tsoma. Ba aikin da ya fi wannan buƙatar safar hannu da fili mai iska, kuma shi ne aka fi yi da ganganci, domin ruwan ba shi da kala, sai a ɗauka ba komai a ciki.

Naftol zan taƙaita. Azo ne da ake ƙulla shi a cikin zaren: baho biyu, a tsoma a na farko, a tsoma a na biyu, ja mai zurfi ko ruwan hanta ya bayyana. Ba ya son zafi, don haka masu zana yadi da kakin zuma kafin rini ke ƙaunarsa, kuma yana jure wanki. Sai dai a nan marini da hannunsa yake taɓa ɗanyen sinadarin kafin a ƙulla, kuma wasu daga ciki, kamar wanda ake kira Fast Red TR da Fast Blue B, daga sinadaran da ke cikin jerin 22 ɗin nan aka yi su. Ba na ɗan koyo ba ne. Shi kuma disfas na yadin roba ne, foliyesta, kuma yana son zafin da ya kai digiri 130 a tukunyar matsi, don haka ba aikin tsakar gida ba ne. Na ambace shi ne saboda mata: wasu shuɗɗansa da ruwan lemonsa, irin su Disperse Blue 106 da Disperse Orange 3, sun yi suna wajen jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a inda tufa ke matse jiki. In sabon hijabi ko matsattsen wando mai duhu yana sa miki borin fata a wuya ko ƙugu, ki fara zargin rinin kafin ki zargi sabulu.

Af, kafin a sayi kowane rini a tabbatar da yadin. Shaddar da ake sayarwa da araha a Balogun da Idumota ba duka ce zallar auduga ba. Zare ɗan zare daga gefe ka kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan baƙin dutse. In gauraye ce, dairek da riyaktif da bat duk audugar kaɗai za su kama, aiki ya fito fari-fari kamar an yayyafa masa gari.

Sai baba, sarkin gida. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau da baba da toka da katsi ake haɗa ruwanta, a bar shi ya yi makonni yana ruɓa har ya nuna. Abin da kostik da haidiro ke yi cikin minti kaɗan, shi bakteriya ke yi a rami a hankali, domin baba ma bat ne, na Allah. Yarabawa kuma da ganyen elu suke nasu, wanda muke kira talaki, a manyan tukwane. Babu azo, babu kostik, ƙarko kuma sai wanda ya gani. Amma kala ɗaya gare shi, daga shuɗin sararin sama zuwa baƙin ɗan Kura, kuma yana gogewa a jiki. Daga nan ai muka samo "masu hannu da shuni", don a da wanda ka ga shuni a hannunsa ka san ya sa tufa mai tsada. Wannan ya nuna zuba daban, guba daban: baba yana shafa a fata ba ya cutarwa, wani rinin kuma ba ya zuba sosai amma mugu ne. Goga farin hankici mai laima a jikin yadi yana gaya maka ƙarkon rini ne kawai, ba ya gaya maka abin da aka ƙulla a ciki. A Legas dai wahalar baba fili da lokaci ne. Wane mai gidan haya zai bar ka ka haƙa rami a tsakar gida, ka cika layi da warin ruɓaɓɓen baba? Sannan a sani, tun 1897 BASF ke yin shuni a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na ganye, shi ne a jikin wandon jins. Da yawan abin da ake sayar maka a matsayin "na gargajiya" shi ne. Ba laifi ba ne a jiki, laifin a farashi yake.

To in za a yanke hukunci: anko mai haske a kan auduga, kayan yara, zanin gado, riyaktif mai suna da lamba, a wanke shi sosai. Kaftanin yau da kullum, kayan makaranta, duk abin da zai sha rana da wanki, bat, amma a hannun wanda ya iya. Babbar riga ta fita kunya, a aika Kano ko Abekuta a yi baba na gaske. Dairek, sai in gwangwanin ya faɗi sunansa kuma ba ya cikin huɗun da na lissafa. Abin da za a nema a jikin kowane gwangwani shi ne ajin rinin, kalarsa da lambarsa, kamar Reactive Red 120 ko Vat Blue 4, da sunan kamfanin da ya yi shi. Mai shagon da ya san abin da yake sayarwa zai nuna maka babban durom ɗin da yake ɗiba. Wanda ya ce "kai dai ɗauki, mai kyau ne", araha ba ta ado. A yadin da aka shigo da shi rinanne kuma, tambarin OEKO-TEX, wanda aka fara tun 1992, alama ce an gwada, in ba na jabu ba ne. Kowace sabuwar tufa dai a wanke ta kafin a sa.

Ruwan da ya rage a baho ma abin dubawa ne. Riyaktif yakan bar kaso mai yawa na kalarsa a ruwa, ga gishiri. In ya kwanta a kwatar da ba ta gudu, bakteriyar cikin taɓo tana kwance ƙullin, ruwan ya washe, a ɗauka ya tsarkaka, alhali abin da aka ƙulla tun farko yana nan a ciki. Gidaje nawa ne a Agege da Idi-Araba rijiyarsu ke taku kaɗan daga kwata? Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana da hurumi a kan wannan, amma tun kafin ta zo maƙwabta za su zo.

Ƙanwata ba ta bar ni na tashi ba sai da ta kawo maganar abinci, kuma nan ne layin ya fi fitowa fili. Akwai azo da aka yarda a sa a abinci: tatrazin mai lamba E102, da E110, E122, E124, E129. An gina su su narke a ruwa su fita daga jiki da sauri, kuma an yanke musu iyaka. Hukumar abinci ta Turai ta sa wa E102 miligiram 7.5 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, E110 kuma miligiram 4, wato yaro mai kilo 20 kada ya wuce 150 na farkon ko 80 na biyun. Bayan wani bincike na jami'ar Southampton a 2007, Turai ta wajabta tun 2010 a rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su cewa suna iya shafar natsuwar yara. Ga mai yin kek, alawa ko ƙanƙarar yara, 'yar kwalba mai lambar NAFDAC da lambar E, ɗigo kaɗan, ta wadatar. Zoɓo ba ya buƙatar taimakon kowa wajen ja. Kilishi da yajin tsire, busasshen tattasai ya ishe su, shinkafa kuma kurkum.

Wanda ba shi da gurbi a tukunya ko kaɗan shi ne rinin masana'anta, musamman dangin Sudan, na ɗaya zuwa na huɗu, waɗanda suna kawai suka haɗa da ƙasar. A mai suke narkewa, aikinsu rina man takalmi, kakin zuma da man inji. A 2003 aka kama Sudan na ɗaya a garin barkonon da ya shiga Faransa daga Indiya, a watan Fabrairun 2005 kuma Birtaniya ta janye kayan abinci sama da iri 500 daga kantuna saboda shi. A yankinmu a manja yake ɓuya, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Laifin rabi namu ne masu saye, da muke zuwa Mile 12 muna zaɓen wanda ya fi ja. Manja na gaske ja ne mai sirkin ruwan lemo, yakan kwanta ya rabu, mai kauri a ƙasa mai ruwa a sama. Jan da ya yi kama da jini ba shaidar kyau ba ce, tabbaci kuwa sai ɗakin gwaji. A saya a inda aka san tushensa, ko rufaffe mai lamba. Haka baƙin lallen amare, dayis: sinadarin PPD da ke cikinsa ba azo ba ne, amma ɗan uwan abin da ake ƙulla azo da shi ne, kuma wadda fatarta ta taɓa yin bori da shi, rinin gashi da wasu yadukan roba ma sai su riƙa tayar mata. Lallen ganye ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin awa.

Shi yaron, na raka shi Ojota ranar wata Asabar. Mun sayo riyaktif gwangwani huɗu, ja, rawaya, shuɗi da baƙi, da soda ash, da ɗan sikelin awo, safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, tabarau da takunkumi. Bat na ce ya dakata sai ya yi wata shida a gaban dattijon nan yana kallo. Aikinsa na farko ɗankwalin uwarsa ne, ruwan ɗorawa, ta wanke shi sau uku a gabana tana leƙa bokiti ko za ta kama shi da laifi, ruwan ya fita fari. Rigimar da ta rage tsakaninsu ta tukunya ce: ya ɗauki babbar tukunyarta ta taliya ya dafa ruwan wankin ƙarshe, na ce ta bar masa ita har abada, shi kuma ya sayo mata sabuwa daga kuɗin aikin farko. Har yau tana bin sa bashin murfi.